Nu'uman Akanta da Sunayensa Uku

Nu'uman haifaffen unguwar Gwallaga ne, can ya tashi, can ya yi aure. Shekara goma sha shida yana aikin akanta a wani kamfanin abincin kaji da ke Tirwun, kuma ba a taɓa kama shi da kuskuren ɗigo ɗaya ba. Mutum ne da in ka aika masa saƙo a waya, sai ya gyara maka rubutunka kafin ya ba ka amsa.

Bai taɓa tunanin komawa makaranta ba sai ranar da aka ɗauko wani daga waje aka ɗora masa a matsayin manaja, don kawai mutumin yana da digiri na biyu a fannin kasuwanci. Da Nu'uman ya dawo gida ya zauna da biro, ya auna takardunsa da shekarun aikinsa da yawan masu neman gurbi, sannan ya shaida wa matarsa Kubura cewa damarsa ta samun shiga jami'a don yin irin wannan digirin kashi tamanin da bakwai ce cikin ɗari. Ta tambaye shi ina sauran sha ukun, ya ce na masu ɗaurin gindi ne.

Ranar tantancewa ya sa farar shadda, ya jera takardunsa a fayil bisa shekara. Jami'in ya ɗaga ta sakandare, ya ɗaga ta difiloma, ya duba ta hidimar ƙasa, sai ya cire tabarau.

"Malam, a cikin ukun nan wanne ne kai?"

Ashe a ɗaya an rubuta Numan, a ɗaya Nuuman, a ta ukun Nu'man. Shekara ashirin takardun suna cikin akwatinsa, makin kawai yake dubawa.

Aka tura shi kotu ya yi rantsuwa cewa shi ne shi. Kafin ya gama wannan, ya buga sanarwa a jarida, an rufe ɗaukar ɗalibai. Wata uku ya yi yana bi ta bayan layi don kada abokan hirarsa na bakin masallaci su tambaye shi yaya karatu.

Da shekara ta zagayo ya sake nema, ba lissafi ba farar shadda, aka kuwa ɗauke shi. Darasin farko da aka sa musu ranar Asabar shi ne gabatarwa ga aikin akanta. Malamar da ta shigo, Patricia ce, wadda ta taɓa yin hidimar ƙasa a ofishinsa, shi ya koya mata aikin tun daga tushe. Ta durƙusa ta gaishe shi a gaban kowa, ta ce masa Baba, sannan ta roƙe shi ya koma kujerar gaba.

Duk zangon ya sha musu da littafin da ake koyarwa da shi, yana cewa ba haka ake yi a ofis ba. A jarrabawa ma ra'ayinsa ya rubuta, shafi huɗu. Da kyar ya tsallake. Wani dillalin babura na kasuwar Wunti da yake kwafar bayanansa a aji shi ya zo na ɗaya.

Yanzu yana zango na uku, yana kuma nan a kujerarsa ta akanta. Manajan nan kan leƙo da yamma ya tambaye shi ko akwai abin da bai gane ba a karatun.