Bambar Motar Baffa a Kan Ƙofar Kaka

Duk lokacin da aka yanka lemun tsami kusa da murhu, ƙanshinsa ya haɗu da na toka, sai in tuna motar Baffa. Da toka da lemun tsami yake goge ƙarafunanta, ni kuwa ina riƙe masa kwano.

Baffa ƙanen mahaifina ne, gida ɗaya muke a cikin garin Daura. Motar ƙarama ce, ja, kujera biyu, ga ta ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi hanya, kuma ana naɗe rufinta baya. An ce wurin wani Bature da zai koma ƙasarsu ya saye ta. Ban ga cinikin ba, kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Abin da na gani da idona shi ne bambarta ta gaba, dogon ƙarfe mai ƙyalli, wadda in ka leƙa sai ka ga hancinka ya cika fuska.

Wata bazara ya kwance ta. Ya ce a hanyar Zango tana tonon yashi, kuma ya ga hoton motocin tsere a jikin kalanda, babu mai bamba. Ni tun ina yaro ba na son a taɓa abin da aka same shi a ɗaure. Na ce, "Baffa, an yarda a cire?"

Ya ce, "Wa zan tambaya? Motata ce ko ta gwamnati?"

Ya jingine ta bayan rumbu. Na yi ta kai-komo ina duba ta, kamar ni aka ba ajiya.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Gara ta riga ta cinye azarar da ke kan ƙofar ɗakin Kaka, mahaifiyarsu Baffa, ginin sama ya fara tsagewa. Baffa ya tafi Kongolam sayen kaya, magini ya zo yana neman abin da zai ɗauki nauyin, Kaka ta nuna masa bayan rumbu. Ta ce gara ba ta cin ƙarfe. Aka ɗora bamba, aka bi ta da ƙasa, aka yaɓe. Ina tsaye gefe ina kallo. Kaka ta lura da ni, ta ce, "Maigidana, ka tsaya kana zare ido, ko so kake ɗaki ya danne maka mata?" Da Baffa ya dawo dariya kawai ya yi, ya ce ta samu aikin yi.

Bayan an yi girbi masu duba lafiyar mota suka fara tsayawa a bakin gari, da fararen kayansu. Ranar da suka tare mu ina zaune gefensa, za mu Dutsi. Babbansu ya zagaya motar a hankali, ya sa aka kunna fitila, aka danna oda, aka taka birki, duk lafiya. Sai ya tsaya a gaba yana kallon ramukan kusoshi.

"Malam, ina bambarta?"

"Ranka ya daɗe, tana gida."

"Me take yi a gida?"

"Ta riƙe ɗakin tsohuwa."

Mutumin ya ɗauka raini ne. Ya ce mu juya, kuma kada ya sake ganin motar a titi sai da bambarta, in ba haka ba za a ja ta ofis. Muka juya muka koma gida.

Baffa ya fara zuwa wurin wani ɗan ƙabilar Ibo mai shagon kayan mota kusa da tasha, mutumin kirki, Hausa a bakinsa kamar a nan aka haife shi. Ya ce, "Alhaji, wannan motar taka ko kakanta ya mutu, ba a samun bambarta yanzu. Ka je wurin mai walda ya lanƙwasa maka bututu, za su karɓa." Baffa ya ce shi ba zai rataya wa motarsa bututun famfo ba ko za a yanka shi.

Sai ya je wurin Kaka. Ya durƙusa a bakin ƙofa, daidai ƙarƙashin bambar, ya ce, "Inna, zan kawo azara sabuwa, a ciro mini ƙarfena."

Ta ce, "Azarar da gara za ta cinye ina barci? Kai ka yar, ni na tsinta. Sai bayan raina."

Daga nan ya yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Ya sa kafinta ya sassaƙa masa bamba ta katako, mai lanƙwasa irin ta asali, aka shafa mata fenti ruwan azurfa. Daga nesa ba ka ganewa. Na ce masa wannan ai kamar ƙarya ce, ya ce ƙarya da baki ake yin ta, shi kuwa ba zai ce komai ba. Ban samu natsuwa da wannan amsar ba, amma na shiga motar.

Da muka isa bakin gari, babban masu fararen kayan ya gane mu. Ya yi murmushi, ya ce madalla. Har Baffa ya tada mota, sai mutumin ya ƙwanƙwasa bambar da ɗan yatsa. Ta yi ƙara irin ta akushi.

"Malam, wannan bamba ce ko benci?"

Sauran direbobi suka bushe da dariya. Ni kuwa na fashe da kuka, don na ɗauka ɗaure mu za a yi. Wataƙila kukan ne ya sa aka bar mu muka juya. Baffa ya shigar da motar rumfa, ya ce ba zai ƙara roƙon kowa ba, zai jira.

Kaka kuwa, Allah ya ji ƙanta, ta yi tsawon rai. Tayoyi suka sace, kaji suka mai da kujerun akurki, ɓeraye suka cinye wayoyi. Na girma, na bar makaranta bayan firamare, na yi aure, ina yi wa Baffa maganar bututu har na gaji. Abin da ke cina shi ne babu wanda zan ɗora wa laifin duka. Ma'aikacin aikinsa yake yi, ya ce in mota ta bugi mutum ko dabba bamba ce ke fara tarewa. Kaka tana tsoron ɗaki ya faɗo mata. Amma da an yi tambaya ɗaya kafin a ɗauki sifana a kwance bambar, da duk ba a yi haka ba.

Yanzu ina ganin motoci suna wucewa ta wannan wurin da bambar roba, an ɗinke ta da waya, wata ma tana jan ƙasa, ba mai ɗaga musu hannu. Sai in rasa wa zan yi wa ƙorafi.

Bara 'ya'yan Baffa suka kira 'yan gwangwan suka ɗauke motar, don sun ce macizai na kwana a ciki. Bana aka rushe ɗakin Kaka za a yi na bulo. Bambar ta fito daga cikin ƙasa ko lanƙwasa ba ta yi ba. Na ɗauke ta na kai wa Baffa, yana zaune a zaure, idonsa ya yi rauni. Ya shafa ta da hannu daga wannan gefe zuwa wancan.

Can ya ce, "To, ka je ka gaya wa mai fararen kayan nan an samo ta."