Lorraine Haugland da Ƙuri'ar Ruwan Yamma

A safiyar Talata, 4 ga watan Maris, Allah ya karɓi ran Lorraine Haugland, tsohuwar Mataimakiyar Gwamnan jiharmu, a gidan gonarta da ke yammacin jihar, tana da shekara saba'in da tara. Na san ki, Lorraine, tun ina ɗauko wa jarida labaran majalisa. Ba mu yi abota ba, amma na daɗe ina kallon aikinki.

Likitar dabbobi ce ke kafin siyasa, kuma har kika bar duniya manoman yamma "Likita" suke ce miki. Da Dwight Ostrander ya fito takarar gwamna, shi mutumin birni, sai ya ɗauko ki mataimakiya don ki kawo masa ƙuri'un karkara, kuka kuwa ci zaɓe. Kowa ya san kujerar mataimaki: buɗe taro, yanke ƙyalle, zaman jana'iza. Ba ki taɓa ɓoye cewa tana gundurar ki ba. Wata shekara an kai ki baje kolin amfanin gona ki yi jawabi, aka ce haihuwa ta gagari wata saniya a rumfar baya. Kika cire kwat, kika naɗe hannun riga. Ɗan maraƙi ya fito da rai, jawabi kuwa ba a yi ba. Abokan hamayyarki suka ce ba ki taɓa yin jawabi mai daɗin wannan ba.

Sai maganar ruwa ta zo. Gwamna yana son dokar da za ta ba wani kamfani izinin janyo ruwan ƙarƙashin ƙasar yamma zuwa masana'antun birni. Majalisar dattawan jiha ta rabu biyu daidai, kuma ke da ke shugabantar zama, ƙuri'arki ce raba gardama. Ya kira ki ofis. Waɗanda ke wurin sun ce cewa ya yi, "Lorraine, don ƙuri'un yamma na ɗauko ki, ba don ki koya mini aiki ba."

Kika ce, "To ai ga ƙuri'un yamman sun iso, Gwamna."

Kika shiga zaure kika ce a'a. Doka ta mutu.

Da zaɓe ya zagayo, jam'iyya ta ba wani kujerarki. Kika nemi takarar gwamna a zaɓen fidda gwani, kika sha kaye mummuna. Har a yamma ba duka suka bi ki ba, don wasu sun sa rai 'ya'yansu za su samu aiki a kamfanin. Ba ki yi ƙorafi ba, ba ki kuma yafe da wuri ba. Harshenki kaifi gare shi, kuma ya raba ki da mutanen da suka so ki da gaske. Kika koma duba shanu, har gwiwoyi suka hana ki durƙuso.

Bara na tambaye ki ko kin yi da-na-sani. Kika ce rijiyoyi suna ba da ruwa, matasa kuma suna ta barin yamma don babu aiki, saboda haka ba ki da tabbas. Kika ƙara da cewa da za a sake tambayar ki a zauren nan, a'a ɗin za ki maimaita.

Allah ya jiƙan ki, Likita, ya yafe kurakuranki, ya ba ki hutu. Ga mijinki Arvid, da 'ya'yanki Solveig da Nils, da jikoki, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba su haƙurin rashinki.