Ragon Sunan Ɗan Mahbuba

"Wannan ba rago ba ne, ɗan haya ne. Yau hulata ya ci."

"To, maigida, ka daina ajiye hula a ƙasa."

Zuwera ta ƙara manna kunne a bango. Muryar maƙwabcinta Awaisu ce da ta matarsa Mahbuba, mai koko da ƙosai a bakin masallacin Nyohini, wadda tun tana yarinya ba ta taɓa yarda a zubar da ko guntun ƙullu ba.

Maganar ragon ta taɓa Zuwera, don da bakinta aka saye shi. Bara, da cikin Mahbuba ya taso, awo ya nuna ciki ne, Zuwera ce ta shafa shi ta ce namiji ne, har ta ji kansa. Awaisu ya sayo ragon suna. Watan haihuwa ya zo ya wuce, Mahbuba tana ramewa, rago yana ƙiba. Da ciwo ya kayar da ita gaban kasko, aka kai ta asibiti. Likita ya ce ƙari ne na daji a ƙwan haihuwa, irin wanda kan ruɗi awon ciki. Aka cire shi, da gashi a cikinsa har da haƙori. Ƙwai ɗaya aka bar mata.

Yanzu sai ƙarin ruwan magani. Gashin kanta ya zube tas. Ta kan ce wa masu sayen koko abin da aka cire ya fi ta suma.

Duk kukan ragon nan, Zuwera sunanta take ji. Ta yafa gyale ta zagaya da fuskar tausayi.

"Ƙanwata, a yanka shi sadaka mana. Ganinsa yana tayar miki da hankali."

Awaisu ya gyaɗa kai, ba hula.

Mahbuba tana bakin ƙofa, jakar asibiti a hammata, mai yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, yana jiranta. Ta dubi ragon yana tauna igiyar shanya, ta dubi Zuwera.

"Yaya, likita ya ce da yawa suna warkewa, wasu har su haihu da ƙwai ɗayan. Ke kika ce namiji ne, ban ji kin faɗi shekara ba. Ku ba shi dusa kafin in dawo."