Muryar da Ka Bar wa Baba

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Mijina, uban 'ya'yana, ya rasu a gadon asibiti bayan jinyar da ba ta kai mako guda ba. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu tattara mu koma, babu mai saura. Ba ni da ja da hukuncin Ubangiji. Da mutane nake da magana, kuma yau zan yi ta.

Abban yara, tun da aka fara shigowa yi mana gaisuwa nake jin yabonka a bakin jama'a, amma yabo ne mai ƙaya a ciki. Wannan ya ce kai mutum ne mai haƙuri, abin yi ne dai ba ka samu ba. Wata ta zauna a gabana tana share hawaye, ta ce kaico, bawan Allah ya ƙare rayuwarsa yana wasa da tarkace. Waɗanda suka laƙaba maka Injiniyan Bola kana raye, su ne suka fi kowa girgiza kai. Na haɗiye, domin wurin ba na musu ba ne. Yanzu baƙi sun watse, kuma ba zan bari a binne ka da wannan shaidar ba.

Tarkace kam ka tara, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Kusurwar falon nan ta tsakanin taga da kabad, tun shekarar da maɗaba'ar da kake yi wa aiki ta rufe, ta fita daga hannuna. Tsofaffin kwamfutoci masu ƙatuwar ƙeya, faya-fayai cike da kwalayen takalma, wayoyi a cukurkuɗe. Kofunan shayina na baƙi ka mayar ma'ajiyar ƙananan kusoshi. Na'urar busar da gashina ita ce ta kaɗe maka ƙura, almakashina kuwa har yau ban san inda ya kwana ba. Mun yi faɗa a kan wannan ba sau ɗaya ba, kuma ko yanzu ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma ni kaɗai ke da ikon yi maka wannan ƙorafin, domin ni na zauna da kai.

Su masu maganar, ina suke lokacin da nake fita aikin jinya tun yara ba su tashi ba? Kai ke yi musu wanka, ka goge kayan makaranta, ka kai su ka ɗauko su. In na dawo ƙafafuna a kumbure, in tarar ka ɗora ruwan zafi, tukunya na kan wuta, kai kuma kana gaban allo da cokali a hannu. Suka ce kai mijin-ta-ce ne. Da maganar ta zo kunnenka dariya ka yi, ka ce, "To, in ta faɗi daidai fa?"

Abin da ka fi ƙauna shi ne tsofaffin manhajoji, waɗanda duniya ta yi gaba ta bari. Kakan wuni kana lallaɓa guda ɗaya har ta buɗe, sannan ka kira ni daga kicin in zo in gani, kamar an yi maka haihuwa. Kullum maganarka ita ce ba mutuwa suka yi ba, kula su aka daina. Telan da ke ƙarshen layinmu shaida ne. Zane-zanen surfaninsa na shekaru suka maƙale a wata manhaja da sabuwar kwamfutarsa ta ƙi karɓa, duk inda ya je a ce masa ya haƙura. Kai ka fito masa da su kaf. Ranar rasuwarka ya rufe shago, ya zo ya zauna a ƙofar gida.

Duk wannan somin taɓi ne. Babban aikinka a kan mahaifina ka yi shi.

Baba tsohon malamin makaranta ne, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana magana a gaban aji, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara maka ita. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, ya tafi da hannunsa na dama, ya tafi da harshensa. Hannun hagun da ya rage karkarwa yake yi. Kai ka fara cewa a kawo shi gidanmu, tun ban buɗe baki na roƙa ba. Hankalinsa garau yake, kuma wannan ne ya fi ciwo. Ya so ruwa mu miƙa masa matashi, ya so a buɗe taga mu ƙara masa bargo. Na ga ubana, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, yana kuka saboda kofin ruwa.

Yayana, wanda ke aiki a wani gari, ya aiko da sabuwar na'ura mai allon da ake shafawa da yatsa, siririya mai sheƙi, don Baba ya riƙa faɗin buƙatarsa. Da kyakkyawar niyya ya aiko, ban hana shi ladansa ba. Sai dai yatsa mai karkarwa in ya nufi wuri ɗaya, wurare uku yake taɓawa. Baba ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya ture ta daga cinyarsa ya juya fuska bango.

A nan ne ka zazzage kwalayen takalmanka. Ka zaƙulo wata manhaja da aka yi wa masu irin wannan lalura tun zamanin da, kamfanin da ya yi ta ma ya daɗe da rufewa. Aikinta mai sauƙi ne. Kalmomi ne jere a allo, haske yana bin su ɗaya bayan ɗaya a hankali, in ya iso kan wadda mutum yake so sai ya danna sau ɗaya, ta furta masa. Ka ciro murfin kwalbar man shafawata, ka liƙa shi a kan tsohon linzamin kwamfuta, ya zama ƙaton madannin da ko da tafin hannu aka buga zai amsa. Muryar da ta zo da manhajar ba ta iya harshenmu ba, sai ka ce za ka ba ta taka. Wata rana na dawo aiki da la'asar na neme ka ko'ina ban gan ka ba, sai na ji magana tana fitowa daga cikin kabad ɗin tufafi. Na buɗe a tsorace, na same ka a tsugune tsakanin riguna da makirfo a hannu, gumi sharkaf, kana cewa, "Ruwa. Ruwa. Bayi. Na gode. Ba na so." Ka ɗaga min hannu in yi shiru, wai a nan ne kawai ƙarar titi ba ta shiga.

Ranar da aka tura keken Baba gaban allon, duk muka kewaye shi, ni har na tanadi hawayena. Ya daɗe yana bin hasken da ido. Ya danna, ya jira, ya sake dannawa. Magana ta farko da mahaifina ya yi bayan watanni na shiru ita ce, "Gishiri. Ya yi. Yawa." Ka yi dariya har ka zauna a ƙasa. Daga ranar kullum da sabuwar kalmar da zai nema, kai kuma ka koma kabad. Har "shashasha" ya sa ka ɗauka, kuma a kanka ya fara gwada ta.

Manhajar tana da lalura ɗaya. Lissafin shekarunta ya ƙare tuntuni, in ta ga kwanan wata na yanzu sai ta ƙi buɗewa. Ka mayar da agogon kwamfutar baya zuwa wata tsohuwar shekara, ta buɗe. Amma sai allon ya nuna Litinin alhali ranar Alhamis ce, tsohon malami kuwa ba zai zauna da ƙarya a gabansa ba, ya dinga bugun madannin har murfin ya kusa ɓallewa. Ka zauna ka bincika, ka gano cewa kalanda tana maimaita kanta duk bayan shekara ashirin da takwas, rana ta faɗa kan rana, wata kan wata. Tun daga nan kusurwar falonmu take bayan duniya da shekara ashirin da takwas cif. Abin ya zama tsokanarka a kaina. Duk farkon shekara in ka juya agogon sai ka ce na ƙara aji. A farkon bana ka leƙo kicin ka ce, "Barka, yarinya, bana za ki gama firamare."

Da wani tsohon abokin aikin Baba ya rasu, Baba ya ƙi abinci, yana ta nuna allon da ido. Kai ka gane abin da yake so. Ka shiga kabad ka ɗauki addu'ar da ake yi wa mamaci, ka kira iyalan a waya, ka kara ta jikin lasifika, Baba ya yi ta'aziyyar abokinsa da kansa. Wannan shi ne wasa da tarkacen da ake faɗa.

Bayan an kai ka makwancinka, gida ya cika, ni kuma ba na cikin hayyacina. Baba ya yi shiru, na ɗauka baƙin ciki ne ya hana shi taɓa madannin. Sai da mutane suka fara raguwa na lura yana bugun hannun kekensa, yana kallona, yana kallon kusurwar. Na je na duba. Kwamfutar a kunne take, amma manhajar ta ƙi buɗewa, wani ɗan akwatin saƙo ne kawai a tsakiyar allo. Ashe duk kwanakin nan ana shigowa ana yi masa gaisuwa, yana son ya amsa, yana son ya yi wa surukinsa addu'a, an rufe masa baki ba wanda ya sani. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Yaya ya taso ya tsaya a bayana. Ya ce, "Kin gani ko? Ta bi mai ita. Gobe zan sa a kwashe kayan nan, in nemo wa Baba ta zamani. Kuma ki duba, ƙanwata, bai dace muryar wanda ya rasu ta riƙa tashi a tsakar falo ba, yara za su tsorata."

Na ce, "Yaya, wa ya taɓa ta?"

Ya ce, "Ba wanda ya taɓa. Ni dai da na zo na ga ko kwanan wata ba ta sani ba, sai na gyara mata."

Garin neman gira an rasa ido. Ban taɓa ɗaga wa yayana murya ba tun da aka haife ni, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ko kusa ɗaya ba za ta fita daga falon nan ba muddin ina numfashi. Na ja kujerarka na zauna, karo na farko. Na buɗe agogon kamar yadda na sha ganin kana yi. Ban tsaya lissafi ba, na rubuta shekarar da na gama firamare.

Kalmomin suka dawo, hasken ya fara tafiyarsa ta sannu. Na tura keken Baba, na ɗora hannunsa a kan murfin kwalbar. Ya dubi Yaya ido cikin ido, ya danna, "A bar. Min." Sannan ya juya ga allon, ya bar hasken ya wuce ruwa, ya wuce magani, ya wuce na gode, ya gangara har layin ƙarshe. Ya buga da dukan tafin hannunsa. Muryarka, Abban yara, ita ɗin dai, mai ɗan kaushin nan na wanda ya tsuguna cikin kabad, ta cika falon: "Allah Ya jiƙansa, Ya yi masa rahama."

Yaya ya zame ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Yaran da aka ce za su tsorata, su suka fara cewa amin.

Don haka ga matsayata, kowa ya ji. Kwamfutar nan tana nan inda ka bar ta. Kwalayen takalma suna nan, kwamfuta ta biyun da ka tanada a ƙarƙashin gado saboda ɓacin rana tana nan. Na koyi kaɗe mata ƙura, kuma in shekara ta juya ni zan juya agogon. In Baba ya nemi kalmar da ba ka ɗauka ba, ni zan shiga kabad ɗin. Wanda muryarka ta dame shi, ƙofar falo ba a kulle take ba. Wanda kuma yake ganin ba ka yi komai da rayuwarka ba, ya zo ya nuna min bakin da shi ya taɓa buɗewa.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ya mayar wa tsoho maganarsa lokacin da kowa ya sallama, Ka daidaita harshensa wurin amsa tambaya. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa, wadda ta yi tarbiyyar da muka mora, da 'yan'uwansa maza da mata, da 'ya'yanmu, Allah Ya raya su a kan halin ubansu. Ina yi wa Baba ta'aziyyar ɗan da bai haifa ba. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Kullum da safe, kafin ya nemi ruwa, kafin ya nemi magani, Baba yakan jira hasken ya sauka layin ƙarshe. Kai ka faɗa, mu mu ce amin.