Kaset ɗin Kaka

Shekaranjiya ɗiyata ta liƙa mini abin sauraro a kunne, wai in ji sabuwar waƙa. Na yi ta jiran mawaƙi ya shigo, shiru kake ji. Ba kalangu, ba murya, sai ruwa yana zuba bisa kwano, can nesa kuma zabo na kuka. Na ce ko wayar ce ta lalace. Ta kwashe da dariya, ta ce haka abin yake, kuma samarin da ke haɗa irinsa a Gusau sun ce ƙanen babana ne ya buɗe musu hanya, tsofaffin kaset ɗinsa suke bi suna koyo. Ni fa abin ya ɗaure mini kai. Mutumin da muka taso ana cewa a sa shi cikin addu'a?

Baba Ƙarami muke ce masa. Yana da shago a Gusau inda yake naɗar makaɗa a kaset, kuma kowa ya yarda Allah ya ba shi kunne. Kwatsam sai ya fara rataya rikoda a kafaɗa ya tafi ƙauyen Wanke, ya tsaya cikin gonar dawa awa guda yana naɗar motsin ganye. Ya naɗi guga a rijiya, ya naɗi injin niƙa, ya dawo shago ya rage musu gudu, ya ɗora wannan bisa wancan. In an tambaye shi ina waƙar, ya ce ai ita ce wannan. Manya suka ce a ƙyale shi, ba lafiya ba.

A lokacin ina Tsafe, Kaka ce ke riƙona. Wata damina ciwo ya kwantar da ita, Baba kuwa aikin gwamnati ya kai shi Legas. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba, a da in tsohuwa na da magana, kaset ake naɗa a ba direba ya kai. Baba ya aiko wa ƙanensa cewa ya je ya naɗo masa muryar mahaifiyarsu, duk abin da ke bakinta yana son ji.

Baba Ƙarami ya zo da hantsi, hadari na haɗuwa bayan duwatsu, ƙasa na ƙamshi. Aka fito da Kaka bakin ƙofarta, aka jingina ta da matashi. Maimakon ya kai mata rikoda kusa da baki, sai ya kife turmi can ƙarƙashin rumfa ya ɗora rikodar a kai. Ni da nake yarinya ma na ga ba daidai ba, na ce masa ai ba za ta jiyo Kaka ba.

Ya ce, "Magana kowa na iya kai mishi. Gida ne bai da shi can."

Kaka ta daɗe tana magana a hankali. Ni kuwa, sarkin ƙauyanci, na bar gefenta na je na tsuguna ina kallon kaset yana juyawa. Har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

Kwana huɗu bayan nan ta rasu, ko direban ba a kai ga ba wa kaset ɗin ba. Baba ya iso an riga an rufe ta. Ya zauna a ɗakinta ya kunna. Aka ji yayyafi, aka ji daka daga maƙwabta, aka ji akuya, muryar Kaka kuwa can ƙasa, ka san ita ce amma ba ka tsintar kalma ko ɗaya. Ya tambayi ƙanensa me ta ce, shi ya amsa cewa hankalinsa na kan ruwan. Ya juyo gare ni. Abin da na iya tunawa kawai, ta ambaci sunan Baba sau biyu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Tsakaninsa da ƙanensa kuwa sai gaisuwar Sallah, har Baba Ƙarami ya bar duniya.

Jiya na lalubo kaset ɗin, ɗiyata ta kai wa samarin nan ko injinansu za su iya zaro maganar. Suka yi iya yinsu suka kasa, suka juye shi a waya, wai kuma duk cikin aikin Baba Ƙarami babu kamar wannan. Allah ya shirya! Abin da ya raba 'yan'uwa shi ake yabo. To wa ke da gaskiya? Wallahi ban sani ba.

Da safen nan na kai wa Baba a Bungudu, inda ya zauna tun da ya yi ritaya. Idonsa ya tafi, amma kunne na nan. Ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye. Wani wuri ya ɗaga yatsa ya ce wannan ƙarar ƙyauren ɗakinta ce, shi ya kafa mata shi. Wani wuri ya ce ga tarinta nan.

Da ya ƙare na tambaye shi ko yanzu ya yafe wa ƙanensa.

Ya ce, "Ban yafe ba. Mi tac ce mani? Har in mutu ban sani ba."

Na miƙa hannu zan ɗauki wayar, ya dafe ta.

"Maido shi farko," in ji shi.