Wa ya shayar da 'yata

Autan gidanmu gyaran waya yake yi a wata rumfa kusa da kasuwa, kuma tun yana ƙarami yake da ciwon albishir. Kullum akwai abin da ke tafe nan da shekara goma. A shekarun da suka biyo bayan annoba, lokacin da buhun shinkafa ya fi ƙarfin albashi kuma masana'antun Bassa, a nan Douala, suke ta sallamar mutane, ni ma har da ni, sai ya zo da albishir ɗin da ya fi duka. Wai na'ura ta kusa wuce ɗan Adam hankali, daga nan za a kwashe duk abin da ke cikin kan mutum a zuba a kwamfuta, a binne gangar jikin, mutumin kuma ya ci gaba da hira da jikokinsa.

Ban yi musu da shi ba, don na gaji. Na ƙare ƙuruciyata ina gyaran injin wuta, na ga injuna da yawa da aka sauke daga jirgin ruwa ana cewa sun zo su hutar da mu, suka tsaya cak saboda ɗan ƙarfen da ba a samu. A unguwarmu ta New Bell in an yi ruwa, kwata takan shigo har ƙarƙashin gado. Na ce masa in na'urar ta iso, ta fara da kwatar.

Shi kuwa da gaske yake. Ya tasa Inna, mahaifiyarmu, a gaba da waya, kullum yana ɗaukar maganarta: yadda iyayenta suka sauko daga arewa, waƙoƙin daka, rigimarta da masu kifi. Inna tana son mai saurare, sai ta yi ta zuba. Ya ce ajiya yake yi kafin ranar ta zo. A lokacin kanta ya fara rawa, da safe garau, da yamma ta kira ni da sunan yayanta da ya rasu tun ban yi wayo ba.

Ana cikin haka aka zo neman auren 'yata. Ita kaɗai gare ni, kuma ba yarinya ba ce, ta yi karatunta na jinya tana aiki. Saurayin ɗan layinmu ne, direban babbar mota, mai kunya, tare suka tashi. Na yi murna ƙwarai. Har an kawo goro, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tare ni a bakin famfo ta ce, “Malam, ku dai tambayi Hajiya maganar nono kafin a yi nisa.”

Na san inda ta nufa. An haifi 'yata a wancan tsohon matsin, shekarun da kuɗi ya karye. Uwarta ta kwanta ciwo bayan haihuwa, ba ta tashi ba, madarar gwangwani kuma ta gagari talaka. Inna ce take goya jaririyar ta bi gidaje, duk mai jego a unguwa ta ɗan ba ta nono. Haka ake yi, ba wanda ya rubuta komai, tsofaffin mata ne suke riƙe da lissafin wa ya sha da wa. Uwar wannan saurayi tana goyonsa a lokacin, kuma ita ma ta rasu. In ta shayar da 'yata, to wa da ƙanwa ne, babu aure. Maƙwabciyar ta ce ita ba ta gani da idonta ba, ta dai san ana shiga gidan.

Na tambayi Inna da safe, kaina a ƙasa, don ba magana ce da ɗa yake yi da uwarsa ba. Ta dube ni ta ce, “Wace yarinya?” Na sake gwadawa washegari, ta ba ni labarin wata akuya.

Auta ya ce in daina wahalar da tsohuwa. “Yaya, ai Inna tana nan a ajiye. Na zuba maganganunta duka a wata manhaja, yanzu tambaya kawai za ka yi, c'est tout, shi ke nan.”

Muka zauna a tsakar gida bayan la'asar, ni da shi da 'yata, muna jira a dawo da wuta. Da ta dawo ya buɗe kwamfutarsa ya rubuta tambayar. Amsa ta fito da Faransanci mai kyau, irin na takardar gwamnati. Inna kuwa duk rayuwarta a Douala Faransancinta bai wuce na cinikin tumatir ba. Abin ya ce a'a, jikata, ban taɓa kai ki gidan nan ba, Allah ya sanya alheri. Na ga fuskar 'yata ta washe, har ta kama hannun baffanta.

Ni ne na ɓata zaman. Na ce ya sake tambaya, amma ya juya ta: ya ce mun ji an ce matar ta shayar da ita, haka ne? Ya yi tsaki ya rubuta. Abin ya ce ƙwarai kuwa, na tuna, mace ce mai kirki, ta sha karɓar ki. Da ladabi ya faɗa, kamar yadda ya faɗi ta farko.

“Bai gama koyo ba ne,” in ji Auta. “Data ɗin bai isa ba.”

Na tambaye shi ko a duk hirar da ya ɗauka ya taɓa yi mata maganar shayarwa. Ya ce haba Yaya, da wane baki. Raina ya ɓaci, na gaya masa maganganu, na ce ya tara buhunan surutu ya bar ƙwaya ɗaya da ake nema. Daga ɗaki muna jin Inna tana tari.

'Yata ta ce a bar mata. Ta ɗauki hutu, kullum da hantsi ta zauna tana tsefe wa kakarta kai, tana jan ta da hira a hankali. Wata safiya ina bakin ƙofa ina jin su, sai Inna ta ɗauke ta a matsayin matata marigayiya. Ta shafa mata hannu ta ce, “Ki kwanta ki huta, yarinyar ta ƙoshi, an ba ta.”

“Wa ya ba ta, Inna?”

“Mutanen arziki.”

“Su wa?”

Inna ta yi murmushi ta rufe ido. Iyakar abin da muka samu ke nan. Kafin damina ta wuce muka kai ta makwancinta, ƙasar duk ruwa, sai da aka kwashe kafin a sa ta.

Na je wajen limamin unguwa. Ya ce zato ba ya haramta aure, tunda babu shaida a ɗaura. Na dawo da saurina ina ganin na kawo magani. 'Yata ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Baba, na yarda da malam. Amma in na zauna da shi, kullum na dube shi ba zan san wa nake kallo ba.” Ba ta yi kuka a gabana ba. Ni na mayar musu da kayan auren da kaina, na tarar da yaron yana wanke motarsa, ya karɓa da hannu biyu ya yi mini godiya, abin da ya fi komai yi mini ciwo.

Bayan sadakar arba'in Auta ya zo cin abinci. Ba mugu ba ne, ya rame shi ma, kuma so yake ya ba ta haƙuri da abin da yake da shi. Ya ce mata kada ta fid da rai, masana sun ce nan da shekara goma za a iya tono abin da mutum ya sani ko bai faɗa ba.

Tana zuba masa miya ta ce, “Baffa, shekarata nawa nan da shekara goma?”

Ya buɗe baki zai lissafa, sai ya fasa. Ta tura masa kwanon, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.