Zanzaro da Yatsuna Goma

A Tsiga na tashi, a hannun kakata Yalwa. Da an idar da magariba sai ta hura wuta da karan dawa a gindin rumbu, ta ɗauko mazarinta, mu kuma mu kewaye ta. Ni take fara tsokana. Wai mijinta ya zo, ga shi duk laka, ko kwandon auduga bai taɓa kawo mata ba. Gaskiyarta, don duk sanda aka yi wa rumbu sabon yaɓe sai na bi shi da yatsa na zane shi tas, kawuna Ilu ya biyo ni da tsumagiya.

"Ga tawa nan tafe, wa zai tare ta?" in ji ta, in za ta fara tatsuniya. Mu ce ta iso.

Wai da can Zanzaro maɗinki ne. Shi ya yi wa Zabo rigarsa mai ɗigo-ɗigo. Da tsuntsaye duk suka samu sutura sai aka daina zuwa wurinsa, yunwa ta ci shi har ƙugunsa ya tsuke kamar zare. Ya je wa tsohuwarsa da kuka. A nan Kaka takan tsayar da mazari ta maƙe murya: "Kai, da kana ƙarami, a kan wace ɓarna ake dukanka?" Ya ce wasan laka. Ta ce to maza ya koma. Shi ya sa har yau Zanzaro ke gina ɗakinsa jere-jere kamar ɗinki. Mu dai dariyar ƙugun kawai muke yi.

Na girma na zama mai aikin riga. Fatake har daga Kafur suke kawo mini manyan riguna in yi musu ɗinkin ado irin na aska. Sai idona ya soma yin hazo. Ranar da na kasa zura zare a allura, wallahi kuka na yi, ga iyali, ga hannu da lafiyarsa amma ba abin yi.

Ina cikin wannan hali na wuce gidan Malam Garba, maƙwabcina, ana yi wa zaurensa yaɓe. Ƙanshin ɗanyar ƙasar nan ne ya tsayar da ni, sai na ji muryar Kaka raɗau a kunnena. Na roƙe shi ya bar mini saman ƙofa. Ya ce in na ɓata ni zan sake yaɓawa. Na ce na ji.

Na dafa lakar nan, na fitar da aska takwas da tambari, irin waɗanda na yi shekaru ina ɗinkawa. Ashe yatsa ba ya neman ido! Kafin la'asar mutane sun cika ƙofar gidan, wani tsoho yana cewa an sa wa zaure babbar riga.

Yanzu daga Dayi har Malumfashi aiko mini ake yi da jaki. Kawu Ilu ma, da tsufansa, ya turo a ce in zo in zana masa rumbu. Na ce a gaya masa ya fara ajiye tsumagiyar.